Hotunan Ƙirjin Sannu-Sannu

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin. Babba da yaro Sannu-Sannu suke ce masa, saboda askin da wani zai gama cikin minti goma shi sai ya share rabin awa yana kewaya kan mutum. In ka yi ƙorafi sai ya dafa maka kafaɗa ya ce, "Kai ɗaya gare ka, ranka ya daɗe. In na ɓata shi ina za ka samo wani?"

Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da katifa. Akwai kujera mai juyawa wadda fatarta ta yage aka ɗinke da baƙin zare, da benci na masu jira, da madubin da ya tsage a kusurwa tun ranar da aka kafa shi. A cikin durowa kilifa biyu, da almakashi, da reza, da burushin kaɗe gashi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wannan ɗaki. Ya aske yara, sun girma sun kawo nasu yaran. Ba ƙwarewar hannu kaɗai ke kawo mutane ba, ya iya sauraro. Mutum zai zauna ya rufe ido ya zazzage masa abin da bai faɗa wa matarsa ba, kuma maganar ba ta taɓa ƙetare bakin ƙofar shagon.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta riƙe shi da wankau da guga har hannuwanta suka yi kanta. Da ya kama sana'a ya yi aure, abu na farko da ya yi shi ne ɗauko ta ya ba ta ɗakin da ya fi samun iska a gidan. Inna yake ce mata, kamar tun yana yaro. Duk mako yakan zauna a ƙasa gabanta, ya ɗora ƙafarta a cinyarsa ya yanke mata farce, tana yi masa faɗan ya cika nawa. Allah ya ba shi 'ya ɗaya, ta yi aure a can wani gefen gari. Gidan ya rage su uku: shi, da matarsa, da Inna.

Tarin ya fara ne yana da shekara hamsin da biyu. Busasshen tari ne, ba kaki ba jini, sai dai ba ya tafiya. Ya ɗauka gashin da yake shaƙa ne. Sai gajiya ta biyo baya, da zazzaɓin yamma, wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Wani tsohon direba da ke aski a wurinsa tun ranar da aka buɗe shagon ya dube shi ta madubi ya ce, "Injin nan naka yana so a buɗe shi. Ni da mota ce ke wannan kukan, da tuni na faka."

Matarsa ce ta tasa shi gaba zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Aka tura shi ɗakin hoto, wani ɗaki mai sanyi da ba shi da taga. Mai ɗaukar hoton dattijo ne gajere mai sanƙo. Da ya ji sana'ar mara lafiyan ya shafa kansa ya ce, "Ka ga ni ba ni da abin da zan kawo maka." Ya sa shi ya tuɓe riga, ya manna ƙirjinsa da wani farantin ƙarfe, ya turo kafaɗunsa gaba. "Ja numfashi. Riƙe. Saki."

Likitan saurayi ne, idanunsa jajur don gajiya, mutum ya fi sittin suna jiran sa a baranda. Ya ɗaga hoton ta wajen taga, ya nuna wasu fararen dunƙule a tsakiyar ƙirjin, ya duba takardar gwajin kaki.

"Gwajin bai nuna komai ba, amma yakan ɓuya. Tari, rama, zazzaɓi, ga kuma hoto. Tarin tibi ne, Baba. Wata shida za ka sha magani, kada ka tsallake ko kwana ɗaya."

Ba wanda ya yi mamaki. A wannan baranda, mafi yawan masu irin wannan tari tibi ɗin ne ke damun su.

Nas ta ba shi ƙwayoyi da takunkumi, ta ce ya riƙa buɗe taga, ya yi nesa da tsofaffi da jarirai. Ta kuma ce bayan 'yan makonni da fara magani ba zai shafa wa kowa ba. Ya ji wannan, amma shi da tarin yake aunawa, tarin kuwa bai tsaya ba. Ranar da ya koma gida ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya da ke kusa da ƙofar waje, ya shimfiɗa katifa tsakanin tsohon keken ɗinki da buhunan gawayi. Ya ware kofinsa da kwanonsa. Matarsa ta tsaya tana kallonsa.

"Baban yarinya, nan fa ko akuya ba a ɗaurewa."

"Inna ta haura tamanin. In ya kama ta, da wane ido zan dube ki, balle kaina?"

Bai taɓa tsallake magani ba. Fitsarinsa ya koma ja kamar ruwan tsatsa, bakinsa ya yi ɗaci, yana sha. Wani ya gan shi a layin tagar da ake raba maganin tibi, kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa. Ba wanda ya faɗa masa baƙar magana. Kawai dai benci ya fara zama babu kowa. Mutanen da ya aske shekara ashirin sai su ɗaga masa hannu daga tsallaken titi, da sabon aski a kansu. Tsohon direban ne kaɗai bai fasa ba. Yakan zauna ya ce, "Yi sauri yau, Sannu-Sannu, ba zan iya riƙe numfashi rabin awa ba," su yi dariya, shi ta bayan takunkumi.

Wata shida suka cika, aka sake hoto. Fararen dunƙulen suna nan, kuma wani hazo-hazo ya fara bazuwa a saman huhun biyu. Likitan ya tambaye shi sau uku ko ya taɓa fashin magani. Ya ce a'a. Likitan ya rubuta abin da ake rubutawa a lokacin in maganin farko ya gaza: wata takwas, da allura kullum har wata biyu.

Allurar ce ta cinye masa kunne. Da farko wani ƙara yake ji kamar an bar kilifa a kunne a ɗakin maƙwabta. Daga baya kunnen hagu ya toshe gaba ɗaya, na dama ya rage rabi, ga jiri in ya juya da sauri. Ya faɗa wa nas, aka tsayar da allurar, amma abin da ya tafi bai dawo ba. Sai ya zama yana ganin bakin direban yana motsi a madubi, yana gyaɗa kai yana murmushi ba tare da ya san me aka ce ba. Wata safiya jiri ya ɗebe shi da reza a hannu, ya tsaga wa tsohon bayan kunne. Jini ya ɓata tawul. Direban ya danne wurin da yatsa yana cewa ba komai, ai ya ga abin da ya fi haka a hanya. Sannu-Sannu ya wanke rezar, ya goge ta, ya mayar durowa. Da la'asar ya sa wa shagon kwaɗo, bai sake buɗewa ba.

A cikin wata na biyar na wannan magani Inna ta kwanta. Tsufa ne, ba wani abu ba, ta daina cin abinci, ƙafafunta suka kumbura. Kullum da hantsi yakan zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta da takunkuminsa, hannunsa a jikin katakon ƙofa. Muryarta ta yi ƙasa, kunnensa kuma ba ya kamawa, don haka matarsa ke zama a gefen gado tana ɗaga murya tana maimaita masa.

"Ta ce ka shigo."

"Ce mata ina nan, ina ganin ta."

"Ta ce ita ba ganin ta take so ka yi ba. Ta ce farcenta ya yi tsawo."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan almakashin, ya goge shi da gefen riga, ya miƙo daga nesa. "Ki yanke mata. Ki bi a hankali da babban yatsa, yana shiga nama."

Tsohuwar ta janye ƙafarta cikin zane. Ta yi wata magana mai ɗan tsawo tana kallon bango.

"Me ta ce?"

"Ta ce wai me ya rage mata da kake yi mata tanadinsa."

Ya tsaya a wurin har ƙafarsa ta gaji. Ya ɗaga ƙafa ɗaya zai tsallaka, sai tarin ya turnuƙe shi, ya juya da sauri ya fita tsakar gida ya yi shi a can. Bayan kwana huɗu ta cika, da rana tsaka, hannunta a cikin na surukarta. Yana bakin ƙofa, bai ma san ta tafi ba sai da ya ga matarsa ta sunkuyar da kai.

Da wata takwas suka ƙare aka tura shi hoto na uku. Dattijon mai sanƙo ya ɗauka, ya shiga ciki, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito sai ya rufe ƙofa, ya matso ta wajen kunnen dama.

"Ni ba likita ba ne, kuma ban ce maka komai ba. Amma shekara ashirin da bakwai ina wanke hoton masu tibi. Nasu yakan ci gefe ɗaya ya fi ɗaya, yakan yi rami. Naka tun na farko dama da hagu kamar an auna. Hotuna biyun farko suna gida?"

"Suna ƙarƙashin katifa."

"Haɗa su uku a ambulan ɗaya, ka kai babban asibiti. Kada ka bari a duba ɗaya a bar biyu."

Ya karɓa ya yi godiya, amma bai je ba. Ya gaji da asibiti, kuma tun rasuwar Inna bai damu sosai da abin da zai same shi ba. Sai da idonsa ya yi ja, haske ya fara soka masa kamar allura, sannan 'yarsa ta zo da cikinta wata bakwai ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiya ta ce, "Baba, kunne ya tafi, yanzu ido kake jira ya bi shi? Wallahi ba zan bar gidan nan ba sai ka sa takalmi." Matarsa ta zaro ambulan ɗin ta sa a jaka.

A babban asibitin likitan ido ya haska fitila a idon, ya ɗago ya tambaye shi tun yaushe yake tari. Da ya ji shekara biyu, ya ji kuma maganin da aka sha, sai ya ajiye fitilar ya rubuta takarda zuwa sashen ƙirji a hawa na biyu. Sau uku Sannu-Sannu ya huta a matakala kafin ya kai.

Likitar ƙirji mace ce mai furfura a goshi, ba ta da yawan magana. Ta jera hotunan uku a jikin wani allo mai haske, na farko a hagu, ta harɗe hannu tana kallo. Sannan ta kira shi ya matso, ta tsaya ta damansa.

"Baba, ka ga waɗannan dunƙulen a gindin huhu, nan da nan? Kaluluwa ce ta kumbura, gefe biyu daidai wa daida. A na biyu ga ta nan, kuma abin ya hau cikin huhun. A na uku kaluluwar ta ragu, amma dubi waɗannan zare-zaren da suka ja huhun sama. An taɓa samun ƙwayar tibi a kakinka?"

"Sau biyar ana gwadawa. An ce ɓuya take."

Ta ce akwai wani hoton da ake kira sikan, wanda ke nuna huhu yanki-yanki, shi take so a yi.

Na'urar kamar ƙatuwar zobe take, da gado siriri da ke shiga cikinta. Aka kwantar da shi rigingine, hannuwa sama da kai. Muryar da ke cewa a riƙe numfashi ta cikin na'urar take fitowa, shi kuwa ba ya ji, sai ma'aikaciyar ta ce ya kalli wata 'yar fitila, in ta kama ya riƙe. Sau biyu tari ya ɓata aikin, a na uku ya daure har idonsa ya kawo ruwa. Bayan haka aka yanki ɗan nama daga wani ƙullutu da ya fito masa a gefen wuya, aka kai ɗakin gwaji.

Bayan kwana goma sha biyu suka koma, shi da matarsa. Likitar ta juyo musu da fuskar kwamfuta. Ya ga huhunsa a yanke kamar an yanka burodi, baƙi da ɗigo-ɗigon fari birjik, a jere a bin hanyoyin iska, sama kuma wasu fararen jijiyoyi a cukurkuɗe.

"Ba tibi ba ne," in ji ta. "Ban ga alamar ka taɓa yin sa ba. Sunan wannan sarkoidosis. Garkuwar jikin mutum ce ke tara ƙananan ƙulle-ƙulle a huhu, wani lokaci a ido ko fata. Har yau ba a san takamaiman abin da ke tayar da shi ba. Yana kama da tibi ƙwarai, shi ya sa ake ruɗewa. Waɗannan ɗigon magani zai iya rage su. Wannan na sama kuwa tabo ne, ya riga ya zauna."

Matarsa ta tambaya ko ita ma za a duba ta, tunda gida ɗaya suke.

"Babu buƙata. Ba a ɗaukar sa. Ko kofi ɗaya kuke sha, ko a fuskarki yake tari, ba zai shafe ki ba."

Sannu-Sannu ya ga fuskar matarsa ta canza, ya juyo da kunnensa. "Me ta ce?"

Likitar ce ta matso ta maimaita masa da ƙarfi, kalma-kalma.

"Ko tsoho?" ya ce. "Ko wanda ya kwanta, ba shi da ƙarfi?"

"Ko jariri, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu ya kwance takunkumin, ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa, ya riƙe a tafin hannu. Likitar tana bayanin yadda zai sha sabon maganin, da abinci, da safe, kada ya tsayar da shi kwatsam, matarsa ce ke amsawa. Suka hau motar haya suka koma gida. Da suka shiga ya wuce kai tsaye ɗakin Inna, wanda ke rufe tun bayan rasuwarta, ya zauna a ƙasa gaban gadon da babu katifa. Matarsa ta kawo masa ruwa ta ajiye, ta ja masa ƙofa.

Maganin ya yi aiki gwargwado. Idon ya washe, zazzaɓin ya tafi, tarin ya ragu. Fuskarsa ta kumbura ta yi zagaye, har 'yarsa tana tsokanarsa wai sai yanzu ya yi kama da mai kuɗi, daga baya kuma sukari ya hau masa aka ƙara wani maganin. Ya koma ɗakinsa. Da 'yar ta haihu aka miƙa masa jaririyar, sai da ya waiwayi matarsa tukuna kafin ya karɓa.

Sau ɗaya ya koma ƙaramin asibitin da takardar sakamakon a aljihu, da niyyar ya nuna wa saurayin likitan. Bai shirya faɗa ba, so yake kawai ya gani. Ya tarar an yi masa canjin wurin aiki, wani saurayin ne a kujerar, baranda cike da masu tari. Ya nemi mai hoton ya yi masa godiya, aka ce ya yi ritaya ya koma garinsu. Ya zauna a benci ya huta, ya kamo hanyar gida.

Ya so ya koma aiki. Ya gwada a tsakar gida da kan tsohon direban, amma ɗaga hannu sama da kafaɗa na minti biyar sai numfashinsa ya ƙare, ya zauna yana haki. Suka gama askin a zama uku. Direban ya duba madubin hannu ya ce, "Yau kam ka ci sunanka." Mai ɗakin shagon ya ba wani mai sayar da waya haya, aka kawo kujerar mai juyawa gida aka ajiye a baranda, a kanta yake wuni.

Ya ƙara shekara huɗu. A ta ƙarshe sai da tukunyar iska a gefen gado, da roba a hanci, tafiya daga ɗaki zuwa banɗaki ta zama aiki. Bai taɓa zagin kowa a kan abin da ya faru ba, sai dai in aka ambaci Inna yakan juya kunnen hagu wajen mai maganar. Ya rasu wata safiya bayan ya sha shayi, matarsa tana wanke kofuna.

Mutane sun zo gaisuwa da yawa, har waɗanda suka daina aski a wurinsa. A cikin mata, wata maƙwabciya ta sunkuya tana faɗa wa ta kusa da ita cewa ai tibi ne, ya daɗe yana cin sa. Matar marigayin ta ji.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Bai taɓa yin tibi ba."

"Ayya. To mene ne, Yaya?"

Ta fara faɗin sunan, ta kai rabi harshenta ya sarƙe. Ta sake gwadawa bai fita daidai ba. Ta waiga neman 'yarta, tana can waje tana sallamar baƙi.

"Allah ya jiƙansa," in ji maƙwabciyar, ta jawo ɗanta da ke wasa kusa da ƙofar ɗakin ta zaunar da shi a cinyarta.